Kwamfutar da Taubashina Ya Kawo Boɗinga

Idan wata rana masana suka zauna rubuta tarihin kwamfuta a duniya, suka jero manyan biranen Turai da Amurka da Japan, suka rufe littafi ba su ambaci Boɗinga ba, to aikinsu bai cika ba, kuma in ina da rai zan faɗa musu haka a gaban jama'a. A Boɗinga ne, cikin wani aji da tagarsa ɗaya ba ta rufuwa, aka fara cim ma abin da manyan kamfanoni suke ta zuba dukiya a kansa har gobe, wato a sa na'ura ta yi wa manyan mutane magana su amsa mata da ladabi. Ina wurin aka yi. Ni ne ma na riƙe wayar.

Taubashina ne ya kawo kwamfutar. Ɗan kawuna ne, sa'ana, gida ɗaya muka tashi a Shagari, kuma tun muna yara kowannenmu yake kiran ɗan'uwansa bawa, gardamar da har yau ba a raba ba. A zamanin mulkin farar hula garinmu ya yi suna, ba sai na faɗi dalili ba. Motoci masu jiniya suna wucewa har awaki suka daina ɗaga kai. Tallafin karatu kuwa ana ba da shi kamar goro a wurin suna, sai taubashina ya miƙa hannu ya karɓi nasa, ya tafi Ingila karatun lissafi. Ni na zauna gida ina koyarwa a wata sakandare a Boɗinga, ina jiran tsaraba.

Ranar da ya dawo, gida ya cika. An san abin da masu dawowa daga Turai suke kawowa: wani mota, wani firji, wanda bai yi ƙoƙari ba ma bargo mai laushi. Shi kuwa ya buɗe akwati a tsakar gida, ya zare tawul, ya fito da wani baƙin abu da bai kai girman faranti ba, mai maɓallan roba kamar cingam ɗin da aka tauna aka jera. Ya ɗaga shi sama yadda ake ɗaga jariri.

Kakarmu, wadda ta haifi mahaifiyata da mahaifinsa, ta matso da fuskarta kusa. Angonta take ce masa, kamar yadda take ce wa duk jikokinta maza.

"Wanga hwa, angona, mi shi ka yi?"

"Lissahi shi ka yi, Kaka."

"Af. Kai anka aika ka koyo lissahi, sai kas sawo mai yi maka?"

Ya ɗauki aiki a makarantarmu, malamin lissafi, muka raba ɗaki ɗaya a gidajen malamai. A nan na san halin kwamfuta, kuma ra'ayin da na ɗauka a kanta tun lokacin bai canza sosai ba. Baƙuwa ce irin wadda take zuwa ba tabarma, ba buta, ba guzuri. Ba ta da fuskar kanta, sai an aro mata talabijin. Ba ta motsi sai an ba ta wuta, a garin da wuta take zuwa kamar mai ziyarar gaisuwar mutuwa, ta zauna kaɗan ta yi sallama. Wanda kuwa ya fara ce mata na'ura mai ƙwaƙwalwa, ina da tabbacin bai taɓa zama da ita ba. Ka wuni kana koya mata abu, wuta ta ɗauke, ta dawo, ta dube ka kamar ba ta taɓa ganinka ba. Na koyar da ɗalibai masu irin wannan hali, amma su aƙalla sukan ji kunya.

Maganin mantuwarta shi ne kaset, irin wanda ake jin waƙa da shi. Idan ka gama rubuta mata abin da za ta yi, wanda yanzu ake kira manhaja, sai ka haɗa ta da rikoda ta waya, ta zuba abin a kaset. Ranar da kake so ta tuna, ka kunna mata ta saurara. In ka cire wayar ka saurara da kunnenka, abin da za ka ji ba ya kama da ilimi ko kaɗan. Kukan gyare ne haɗe da na ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba, sa'an nan can a tsakiya kamar an taka wutsiyar kyanwa. Taubashina yakan lumshe ido yana saurare.

"Ka ji, bawa? Wanga shi na gobe."

"In gobe haka take kuka, a bar ni a yau."

Sai ga goben ta zo da wata fuska dabam. Sojoji suka karɓi mulki, jiniya ta yi shiru a hanyar garinmu, aka shiga tsuke bakin aljihu. Mutum da digirinsa sai ya tsaya layin sabulu da madara. Sunan garinmu da a da yake buɗe ƙofofin ofisoshi, yanzu in an tambaye ka sai ka faɗe shi ƙasa-ƙasa, ka yi tari a kai. Ana cikin haka labari ya zo cewa za a rage ma'aikata, kuma wani kwamiti daga Sakkwato yana zagaya makarantu yana duba wanda za a bari da wanda za a sallama.

Taubashina ya daina cin abinci. Shi ne sabon ɗauka, ba shi da kowa a sama, ga shi ɗan Shagari da aka kai Ingila a zamanin da ake ta bincike a kansa yanzu. Duk wanda ya dube shi a ɗakin malamai sai ya kau da kai da tausayi, kamar ragon da aka gani ɗaure ana gobe Sallah. In aikin nan ya tafi, ba abin da ya rage masa sai ya koma gida ya bi mahaifinsa fadama ban ruwan albasa, da digirinsa da kwat ɗinsa ta sanyi.

Wata rana da la'asar muna shan shayi ya buga cinya har kofi ya tuntsure.

"Bawa! Wa za shi kori mutum guda da ka iya magana da kwamfuta tsakanin Sakkwato da Yawuri?"

Na ce ban sani ba, amma na san wanda zai wanke mini wando.

Dabararsa ita ce ya nuna wa kwamitin kwamfutar tana aiki a aji. Za ta yi wa ɗalibi tambayar lissafi a fuskar talabijin, ɗalibi ya danna amsa. In ya ci ta rubuta masa "Madalla", in ya faɗi ta rubuta "Allah shi kyauta". Firinsifal ɗinmu, mutum mai son duk abin da zai sa baƙi su ce makarantarsa ta fi ta maƙwabta, ya ba da aron talabijin ɗinsa baƙi-da-fari, ya kuma yarda mu riƙa amfani da janareton makaranta a ɗan lokacin da ake kunna shi da yamma don sanyaya firjinsa.

Muka duƙufa. Ni nake karanto masa layukan da ya tsara, shi yana dannawa da yatsa biyu, harshe a waje. A nan na gano hali na biyu na kwamfuta, wanda jikokinta na yau suka gada kaf: ba ta da kara. Masinja ce irin wanda in ka ce ya kawo ruwa zai kawo ruwa a tafin hannu, don ba ka ce kofi ba. Ka manta ɗigo ɗaya ta zauna ta naɗe hannu, ta ce ba ta gane ba, alhali ta gane sarai.

Da malamai suka zo kallon gwaji, malamin Arabiyya ya tsaya a bayanmu yana jan gemu. Talabijin ya nuna tambaya: bakwai sau takwas.

"Haka kawai?" in ji malamin. "Ba sallama? Ta ga mutum ba ta ce mashi ina kwana ba, sai bakwai sau takwas? Wagga ba ta da tarbiyya."

Ɗaki ya goyi bayansa gaba ɗaya. Aka ce baƙi daga Sakkwato za su zo, mutanen da in sun fara gaisuwa sai inuwa ta juya, a ce na'ura ta tare su da bakwai sau takwas? Dole taubashina ya koma ya koya mata gaisuwa. Kowa ya kawo tasa. Wannan ya ce a sa ina gajiya, wancan ya ce ina iyali, firinsifal ya aiko cewa in ba a sa "Ranka shi daɗe" ba a mayar masa da talabijin ɗinsa. Kafin a gama, gaisuwar ta cinye fiye da rabin cikin kwamfutar, lissafin ya matse a lungu. Ni dai a ganina wannan ce manhaja mafi mutunci da aka taɓa rubutawa. Ta wayata ta yanzu ba ta taɓa tambayata iyali ba. Kalmar sirri take tambayata, kullum, kamar mai gadin da ya shekara goma yana ganina amma sai na nuna masa kati.

Da aka gama, taubashina ya zuba komai a kaset. Saboda tsoron tsautsayi ya ɗauka sau biyu, ɗaya a gaban kaset ɗin ɗaya a bayansa. Ya ɓalle 'yan haƙoran nan na saman kaset da ke hana a ɗauki wani abu a kai. Ya rubuta gargaɗi da jan biro da manyan baƙaƙen Turanci. Ya ce yanzu ko gobara sai dai ta yi haƙuri.

Rikodar da muke aiki da ita ba tamu ba ce, ta kawu ce, mahaifinsa. Daga Makka ya zo da ita, tana da rigarta ta saƙa mai tuntaye, kuma ya ba da aronta bisa sharaɗi: kowace Juma'a da yamma ta kwana gida, don yana jin wa'azi da ita, ran Lahadi a sake ɗauka. Haka muke goya ta a babur tsakanin Boɗinga da Shagari, ni a baya ina rungume da ita kamar amarya.

Rikodar nan tana da wani aiki a gidanmu. Autan Kaka, ƙaramin kawunmu, yana Ikko yana kasuwanci, Kaka kuwa ba ta yarda da wasiƙa ba, don ta ce masu rubutawa suna rage gaisuwa. Saboda haka kaset take aika masa. Sai a shimfiɗa mata tabarma, a ajiye rikoda a gabanta, ta gyara lulluɓi kamar yana ganinta, ta fara. In ta ce "Ina kwana?" sai ta yi shiru ta ba shi wurin amsawa. In ta yi addu'a ta dakata ya ce amin. Mu ma in nasa ya zo haka muke zama a tsakar gida, yana gaisuwa muna amsawa da ƙarfi, ba wanda ya taɓa ganin wani abin dariya a ciki. Yau ina ganin yara suna tura saƙon murya a waya suna ji kamar su suka ƙirƙiro. Kakata ta riga su da shekaru, kuma nata yana da wurin amin.

Aka ce kwamiti zai iso ran Litinin. Ran Juma'a muka kai rikoda gida, kaset ɗin yana cikinta. Ran Asabar muka tafi Dingyaɗi sunan ɗan wani abokin aikinmu. Abin da ya faru a bayanmu, kawu ne ya ba ni labarinsa daga baya, yana ba ni yana mamakin abin da ya jawo surutu.

Wani direban motar albasa ya leƙo ya ce zai tashi Ikko cikin mako, in akwai saƙo. Kaka ta ce a kawo rikoda. Sabon kaset kuwa a lokacin ya zama kamar sukari, sai wanda ya san wani. Abin da kowa yake yi shi ne a nemi tsoho a ɗauka a kansa. Kawu ya zazzage jakar kaset ɗinsa. Na wa'azi ba a shafe su, wa zai ɗauki alhakin wannan? Na waƙoƙin biki na matarsa ne, shi kuwa mutum ne mai son zaman lafiya. Sai ya tuna akwai ɗaya a cikin rikodar. Rubutun da ke kai na boko ne, shi kuwa ajami yake karantawa, don haka ya yi abin da mai hankali zai yi, ya kunna ya ji. Kuka. Ya tura gaba, kuka. Ya juya baya, kukan dai.

"Wanga ya lalace," in ji shi. "Yaro ya aje shi ga rana."

Ya danna maɓallin ɗauka ya ƙi shiga. Kawu ba baƙon rikoda ba ne. Ya duba ya ga haƙoran sun ɓalle, abin da ya ƙara tabbatar masa kaset ɗin ya sha wuya, ya tauna 'yar takarda ya cusa a ramukan. Kaka ta gyara lulluɓi. Ta cika gaba, aka juya mata, ta cika baya. Aka mayar da kaset ɗin ta gabansa, aka bar shi cikin rikoda ana jiran direba.

Ran Lahadi da yamma muka zo ɗauka, kawu yana fadama, Kaka ta shiga maƙwabta barka. Taubashina ya leƙa ta gilashin rikoda ya ga jan rubutunsa, ya shafa shi. Ba mu gwada ba, don fetur ɗin da ya rage wa janareto bai wuce na ranar baƙi ba, firinsifal kuma ya kulle shi a ofishinsa.

Ran Litinin da hantsi suka iso, su uku. Shugabansu dattijo ne, Basakkwace na cikin gari, farin gemu, tabarau a rataye da zare, alƙalami a aljihun gaba. Na biyu gajere ne mai yawan gyaɗa kai. Na uku bai ce komai ba har suka tafi, ban ma tabbata yana da murya ba sai a wurin amin. Firinsifal ya shigo da su aji yana tafe yana waiwaye.

"Ranka shi daɗe, abin da za ku gani yau babu shi ko Kaduna. Na'ura ta, amma sai ta gaishe ku tukuna."

Ɗalibai sun cika benci, malamai sun jeru a bango. Aka yaye zanen da aka rufe talabijin da shi. Janareto ya yi tari ya kama. Taubashina, cikin kwat ɗinsa ta Ingila a wannan zafi, ya yi ɗan jawabi a kan makomar ilimi, ya mayar da kaset farko, ya murɗa ƙarar rikoda har ƙarshe, don sai da ƙarfi kwamfutar take ji, ya danna. In waya tana jikin rikoda ba a jin komai a waje, saboda haka aji ya yi tsit, kowa ya zuba wa talabijin ido.

Talabijin ya zuba mana nasa. Ba komai sai fari.

Muka jira. Gumi ya fara bin wuyan kwat. Dattijon ya ɗaga tabarau ya sa, ya sake cirewa. Taubashina ya sunkuyo wurina.

"Bawa, cire wayar in ji ko tana kuka."

Na cire.

"INA GAJIYA?"

Muryar Kaka ce, da ƙarfin da bai taɓa fita daga ƙirjinta ba, har kwanon rufi ya amsa. Sa'an nan ta yi shirun nan nata.

Mutumin da aka yi wa tarbiyya a Sakkwato ba ya iya jin wannan tambaya daga bakin tsohuwa ya bar ta a ƙasa. Kafin dattijon ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

"Ba gajiya, Inna."

"Ina iyali?"

"Lahiya lau," in ji dattijon da gajeren.

"Ina yara? Ina zahin garinku?"

Yanzu aji duka ya shiga, ɗalibai da malamai, murya ɗaya, kamar ana bitar karatu. Gajeren nan ya dafa kafaɗar firinsifal, idanunsa sun fito.

"Ikon Allah! Har Sakkwatanci taj ji!"

Firinsifal, wanda ya san an ce gaisuwar a rubuce za ta fito amma bai ga dalilin ɓata abin da ke tafiya daidai ba, ya ce, "Ai na hwaɗa muku, ranka shi daɗe."

Ni ina tsaye da waya a hannu, na ciji leɓe har na ji gishiri. Taubashina ya zama gunki. Da Kaka ta tsaya a gaisuwa, wallahi da an rubuta sunansa a tarihi a ranar. Amma Kaka ta gama da iyali ta shiga labarin gida. Ta ce gero ya yi kyau, albasa ta faɗi. Ta ce jakin kawu ya ci zanen maƙwabciya. Sa'an nan ta gyara murya.

"Shi ko angon nan nau, ɗan wanka, yana nan yadda kas san shi. Ƙato har yau ba mata. Turai munka kai shi, yad dawo muna da wani hwaranti baƙi, shi ka kwana da shi, shi ka tashi da shi. Ni dai na ce in ita za shi aure a hwaɗa muna mu kai goro."

Benci na baya ya rushe da dariya. Dattijon ya dubi rikoda, ya dubi baƙin farantin da ke kan tebur, ya dubi mai kwat, na ga ya gane komai. Taubashina ya yi wuf zai danna maɓallin tsayarwa. Dattijon ya ɗaga hannu.

"Kul, malam. Ba a katse dattijuwa."

Haka ya janye yatsansa ya tsaya, yana jin tarihinsa tun daga yaye. Ana cikin wannan janareto ya shanye ɗan fetur ɗinsa ya yi shiru, talabijin ya mutu, kwamfuta ta manta ko wace ce ita. Rikodar kawu kuwa tana da batir a ciki. Kaka ko gezau.

"Wuta ta ɗauke tana magana!" in ji gajeren. Ya kusa zama a ƙasa.

Sai ta shiga addu'a, duk aji ya ɗaga hannu. Ta roƙa wa autanta kasuwa, muka ce amin. Ta roƙa wa matafiya sauka lafiya, muka ce amin. Ta roƙi ruwa mai albarka, muka ce amin har da shafawa. Sa'an nan ta ce:

"Kuma an ce wasu mutane na tahe daga Sakkwato suna korar ɗiyan mutane ga aiki. Ka taya mu roƙo, auta. Allah shi sa in sun zo ga sunan angona, alƙalaminsu shi ƙi rubutu. Allah shi ɗauke hankalinsu, su wuce shi kamar ba su gane shi ba."

Ta yi shiru, ta bar wurin amin.

Ban taɓa jin shiru mai tsawon wannan ba. Kaset yana ta juyawa, ana jin wata kaza can a tsakar gidanmu tana ƙorafi. Hannuwa suna sama, ba mai iya saukewa. Idon kowa yana kan aljihun dattijon, inda alƙalamin yake. Shi ma ya sunkuya ya dube shi. Gemunsa ya motsa.

"Amin," in ji shi.

Aji ya ɗauka da ƙarfin da ya kori tantabarun da ke kan rufi. Na ukun nan ma ya ce amin.

Sai da kaset ya kai ƙarshe maɓalli ya yi tsalle da kansa suka miƙe. Ba wanda ya yi zancen juyawa baya, ni kuma ban tuna musu ba. A bakin mota dattijon ya kira taubashina, ya tambayi ko kakar wa ce, ya ciro goro fari babba daga aljihu ya ce a kai mata, a ce ɗanta na Sakkwato ya amsa gaisuwa. Game da kwamfuta bai ce uffan ba.

Da yamma muka hau babur sai Shagari, taubashina yana tuƙi yana huci, ni a baya dariya tana hana ni riƙe rikoda da kyau. Muka sami kawu yana alwala.

"Baba, aikin wata da watanni! Gaba da baya!"

"Wane aiki? Kuka shi ka yi, niy gyara maka shi. Yanzu ba ga shi yana magana ba?"

Kaka ta karɓi goronta ta jujjuya shi. Abu ɗaya kawai ta tambaya.

"Sun amsa?"

"Sun amsa, Kaka. Har amin."

"To, ɗiyan mutunci na."

Kaset ɗin ya bi motar albasa ya tafi Ikko, da jan gargaɗinsa a goshi.

Tun daga ranar nake yi wa masu sayar da waɗannan kaya kallon da nake yi musu. Kowace shekara sai su fito da sabuwa, su matsar da maɓalli ɗaya daga dama zuwa hagu, su tara jama'a a babban zaure su yi ta tafi. Su ce wadda ka saya bara ta tsufa, alhali rikodar kawu ta yi aiki har ta ga jikoki. Wayata takan tashe ni da safe ta ce za ta sabunta kanta, in jira, abin da ko matar gida ba ta taɓa ce mini ba. Yanzu kuma wai a gajimare ake ajiya. Mutumin da ya yi noma a ƙasar Sakkwato, ya ga yadda gajimare yake haɗuwa baƙi ƙirin ya ɗauki alkawari ya wuce Nijar, shi za a ce wa ya ajiye hotunan jikokinsa a can? Duk da haka ba na raina su gaba ɗaya. Sun ce suna ƙera na'urar da za ta yi hira da mutum kamar mutum, ina yi musu fatan alheri. Shawarata ɗaya ce, kyauta: su koya mata yin shiru bayan ta yi tambaya.

Makonnin da suka biyo baya gari ya rabu biyu. Mata suka riƙa zuwa wurin Kaka da kaset ɗinsu, wai ta ɗan sa musu baki a kan miji ko ciwon ƙafa. Taubashina kuwa ya dage cewa ko ba ta yi aiki ba, kwamitin ya ga kwamfutar da idonsa, kuma mutum mai hangen nesa ya san abin da ya gani. Ya ci gaba da rama, yana jin ƙarar kowace mota sai ya leƙa taga.

Da sakamako ya fito, aikinsa yana nan. Ya yi ta tsalle a tsakar makaranta da kwamfutar a ka, Kaka ta sa aka yi waina aka raba, kowannensu yana cewa aikinsa ne. Firinsifal ne ya gaya mana daga baya cewa umarnin rage ma'aikatan bai shafi malaman lissafi ba tun farko. Ni aka sallama.